Wanda Aka Zalunta Shi Ma Yana Da Hakki

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Mil 12 a Ikko, ya san yadda ɗan'uwanmu ke yi in an yi masa fashi ko an ƙone masa rumfa. Yakan share hawaye ya ce ya bar wa Allah, domin ya san in ya kai ƙara wata wahalar zai tarar.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma hakkin a samo masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Wannan daidai ne. To, amma wanda aka zalunta fa, wa ke yi masa tafinta a gaban mai bincike?

Dokokin kāre shi suna nan, sai dai a warwatse. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, a sashe na 319, ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya diyya. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibiti duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 kuwa ta tanadi masauki da asusun taimako ga waɗanda hukumar NAPTIP ta ceto.

Alhali kuwa ƙofofin bincike yanzu sun yi yawa: ga 'yan sanda, ga EFCC, ga NDLEA, ga Sibil Difens, ga kuma rundunonin jihohi irin su Amotekun da aka kafa a 2020 a ƙasar Yarabawa. Bai kamata hakkin mutum ya dogara ga ƙofar da ƙaddara ta kai shi ba.

Abin da muke nema shi ne doka guda wadda za ta hau kan dukkansu. A rubuta ƙarar mutum ba tare da karɓar ko kwabo ba, a ba shi shaida a hannu. A samo masa tafinta. A riƙa sanar da shi inda bincike ya kwana. A mayar masa da kayansa da aka gano, a kuma tsare shi daga masu yi masa barazana.

Waɗanda suka rasa dukiya a kasuwar Shasha a 2021, da iyalan mafarautan da aka kashe a Uromi a 2025, su suka fi kowa sanin muhimmancin wannan magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su ɗauki wannan batu. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa kuma su riƙa raka mai ƙara, su ajiye rubutaccen bayani. Allah Ya sa mu dace, amin.