Zanen Hannu Shi Ne Darajar Tukunya

A shekara ta 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, cikin Nijeriya. Ta koyi gashin zamani, amma ba ta yar da zanen gida ba: ƙadangare, kunama, kifi da kada, duka da hannu. Zanen nan ya kai tukwanenta har Ingila.

A ƙasarmu, maginan Mirriya da na Bubon ba gwaninta suka rasa ba, kayan roba ne ke ci musu kasuwa. Ya kamata hukuma ta taimake su da wurin gashi da hanyar sayarwa, amma kada a ɗora musu zanen waje. In zanen gado ya ɓace, mai saye za ya koma ga roba.