Filin Lafiyar Iyali: Madarar saniya ta maraƙi ce



Duk wanda ya taɓa sayen cuku a kasuwar Maraɗi ya san daɗinsa. To, yaya madara ke daskarewa ta zama cuku? Matan makiyaya na arewa, wajen Abalak, sun san sirrin. Suna busar da cikin ɗan akuya ko maraƙi wanda bai fara cin ciyawa ba, su jiƙa shi, su zuba ruwan kaɗan cikin madara. Ba a jimawa sai ta kama.

A cikin wannan ciki akwai wani sinadari mai yanka abincin da ke cikin madara, kamar almakashi. Masana suna kiransa kimozin. Shi ke daskarar da madara a cikin maraƙi, ta zauna ta narke sannu sannu. In maraƙi ya fara kiwo, sinadarin sai ya ragu. Shi ya sa cikin babban sa ba ya yin cuku mai kyau.

Kowane sinadari irin wannan yana da ƙwayar gado mai ba jiki umarnin yin sa. Ƙwayoyin gado kuwa dangi dangi suke, kamar mutane. Kimozin yana da ɗan uwa, fefsin, mai narkar da nama da wake, kuma mu mutane muna da shi. Amma kimozin fa? A shekarar 1990 masu bincike suka duba, suka tarar muna da ƙwayarsa, sai dai ta lalace, ba ta yin komi. Kamar kango ce: ga bango a tsaye, ba kowa ciki. Irin waɗannan kangaye sun fi dubu 10 a jikin ɗan Adam, masu aiki kuwa wajen dubu 20.

Ga inda zancen ya shafe mu a Ɗan Issa da ƙauyukan Madarunfa. Sau da yawa uwa za ta tafi gona, kaka ta ɗura wa jinjiri madarar saniya ko ta akuya, wai don ya yi ƙiba. Iya, niyyarki mai kyau ce, amma cikin jikanki ba na maraƙi ba ne. Madarar saniya tana dunƙulewa da tauri, nonon uwa kuwa da taushi. Ga ƙazantar ƙwarya da ƙuda. Daga nan sai zawo, daga zawo sai tamowa.

Saboda haka a ba jinjiri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa kada a ƙara. Kada a zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na farko. Bayan wata 6 a fara kunu mai ƙuli-ƙuli, da madarar da aka tafasa, a ci gaba da ba shi nono har shekara 2. In uwa ta rasu ko nono ya ƙafe, a kai yaron gidan likita na Ɗan Issa a nemi shawara tun bai rame ba.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.