Me ya sa zaurukan WhatsApp na 'yan gari ke yin tsit a jihar Maraɗi?

Duk ɗan yankin Gidan Rumji, Aguie ko Gazawa da ke ci-rani a Legas, Agadas ko Libiya ya san irin waɗannan zauruka: na 'yan garinsu, na waɗanda suka yi makaranta tare, ko na 'yan fadar da ake shan shayi kafin neman abinci ya raba su. A shekarun baya mutum kan wayi gari ya tarar da saƙonnin murya sun taru, ana musu kan rijiyar da ta lalace ko farashin gero. Yau da yawansu ba abin da ke motsi sai gaisuwar Juma'a, sanarwar rasuwa da bidiyon da aka turo daga wani wuri.

Bayanin da aka fi ji shi ne TikTok ya kwashe matasa, data kuma ta yi tsada. Akwai gaskiya a ciki. Shi kansa WhatsApp ya ƙara yawan mutanen da zaure zai ɗauka zuwa 1,024 a 2022, sannan a 2023 ya fito da tashoshi inda mutum ɗaya ke magana, dubbai na sauraro. Zauren da ya cika da baƙin lambobi ya daina zama na 'yan gida.

Sai dai a Nijar akwai dalilin da ya fi wannan nauyi, wato tsoro. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, an cire ɗaurin, amma a watan Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. A farkon 2025 kuma ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, ya yi maganar neman izini ga zaurukan da suka kai mutum 50. Ko ba a kama kowa a garinku ba, jin haka ya isa ya sa mai kula da zaure ya riƙa goge saƙo, kowa kuma ya kama bakinsa.

Ga kuma rusa majalisun ƙananan hukumomi da aka yi a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi. A da kansila ɗan gari ne da ke neman ƙuri'a, sau da yawa yana cikin zauren, dole ya amsa idan an tsare shi da tambaya. Yanzu wa za a tsare?

A ƙaramar hukuma irin Gidan Sori wannan shirun yana da tsada. Yankin Gidan Rumji na kan iyaka da Najeriya, tun 2019 yake karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, shi ma yana fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Ta irin waɗannan zauruka ake sanar da motsin 'yan bindiga, ake haɗa gudunmawa idan an ɗauke wani, ake ƙaryata jita-jita, domin mai maganar sananne ne, an san gidansu. Bidiyon TikTok ba zai yi wannan aikin ba. Wanda ya ɗora shi ba ya amsa wa kowa.

Maganar dai ba ta mutu ba, ta koma kiran waya da 'yan ƙananan zauruka na mutum biyar ko goma da suka yarda da juna. Wanda aka bari a waje shi ne ɗan ci-ranin da ba shi da na kusa a ciki: yana aiko da kuɗi gida duk wata, amma labarin garinsu sai ya kwana biyu kafin ya iso masa.