Wa Ya Ce Zaure Ƙauyanci Ne?

Makon jiya na ratsa wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi don in gaida wani dattijo, abokin mahaifina, sai na tarar babu zauren gidan. Babu! An baje shi, an kafa ƙaton get na ƙarfe, an manna shaguna biyu a gefe, ɗaya na cajin waya, ɗaya na maganin feshi. Na tsaya cikin rana ina buga ƙarfe kamar mai bin bashi. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba.

Kai ma ka san zauren da nake nufi. Ginin tubali, rufin azara, bakan gizo ya tashi daga bango ya haɗe a tsakiya, zankaye a sama, dagi a goshin ƙofa, dakali a waje. Nan maigida ke sallamar 'yan ƙwadago in an taso daga gandu. Nan ake cinikin auduga tun zamanin da ake kai ta injin gurza na Funtuwa. Baƙon da dare ya yi wa nan yake kwana, a kawo masa tuwo ba a tambaye shi ɗan gidan waye ba. Ɗaurin aure, raɗin suna, zaman makoki, sasanta rikicin iyakar gona, duk nan. Cikin watan Afrilu ka shiga, sanyi kamar randa, ba fanka ba janareto.

Yanzu ɗan gidan ya sayar da masara, ya ji kuɗi, abin da ya fara gani shi ne zauren kakansa. Wai ƙauyanci. Shi ɗin nan in ya je Katsina sai ya tsaya gaban Ƙofar Soro da hasumiyar Gobarau ya ɗauki hoto, ya zuba a Facebook yana kirarin al'ada. Ta wani ce al'ada, ta gidanku shara? A Ingila ɗan ɗakin mai gadi da ke bakin ƙofar tsohon gidan gona, in an sa shi cikin rajistar tarihi, ko taga ba ka sauyawa sai da izini. Mu kuwa da muka haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da diga muke bin namu.

Za a ce mini tsaro. Na sani, ba daga sama na faɗo ba, na san abin da mutanen Faskari da Sabuwa suka gani. To sa ƙyauren ƙarfe a bakin zauren mana! Wane ɗan bindiga ne shagon caji ya taɓa tarewa? Za a ce yaɓe da wahala, daminar Funtuwa ba ta wasa. Gaskiya ne. Amma mai kuɗin tayil da fenti ne zai rasa kuɗin yaɓe da gyaran indararo sau ɗaya a shekara? Rashin so ne kawai, an fake da guzuma ana harbin karsana. Maginan ma sun tsufa, 'ya'yansu sun koma buga bulo, don ba mai kiransu.

Dattijon nan ya fito da sandarsa, ya rasa inda zai ajiye ni, muka raɓe a inuwar shago muka gaisa a tsaye. Na tambayi azarorin, itacen giginya da suka girme ni. Ya sunkuyar da kai. An faskara su, an dafa abincin biki.