Dokar da ta zo kare jariri, ta toshe hanyar samunsa

A ranar 16 ga Fabrairu, 2024, Kotun Ƙolin jihar Alabama da ke kudancin Amurka ta yanke hukuncin cewa ɗan tayin da aka daskarar a ɗakin gwaje-gwaje, wanda bai taɓa shiga mahaifar mace ba, yaro ne a idon doka. Kafin mako ya zagayo, asibitin Jami'ar Alabama da ke Birmingham ya dakatar da aikin dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF, wasu cibiyoyi biyu kuma suka bi sahu. Matan da aka riga aka sanya wa ranar dashe, bayan sun sha allurai sun kashe dukiya, aka ce su koma gida su jira. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta je neman zubar da ciki. Haihuwa suka je nema, wasunsu bayan shekaru suna haɗiye gorin dangi.

Matsayina a kan wannan al'amari a fili yake: duk dokar da ta daidaita ɗan tayin da ke cikin tulun sanyi da jaririn da ke goye a bayan uwarsa, zalunci ce ga masu fama da rashin haihuwa, komai kyawun niyyar waɗanda suka rubuta ta. Mutum yana iya ƙyamar zubar da ciki iyakar ƙyama, ya kuma ƙi amincewa da wannan daidaitawar.

Asalin shari'ar abin tausayi ne. A Disamba, 2020, wani majinyaci a wani asibiti a birnin Mobile ya kutsa ɗakin ajiya ta ƙofar da ba a kulle ba, ya ciro 'ya'yan tayi daga cikin tulu, tsananin sanyi ya ƙona masa hannu, ya sake su suka faɗi suka lalace. Ma'aurata uku da abin ya shafa suka kai ƙara, kuma suna da gaskiya, domin an yi sakaci da amanarsu. Amma kotun ta ɗauko wata doka ta shekarar 1872 wadda ke bai wa iyaye damar neman diyyar ran ɗansu, ta ce ta shafi 'ya'yan tayin, ta kuma jingina da gyaran tsarin mulkin jihar na 2018 wanda ya yi alkawarin kare rayuwar abin da ba a haifa ba. An rubuta dokar 1872 fiye da shekara ɗari kafin a haifi Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta dashen ciki, a Ingila a 1978. Waɗanda suka rubuta ta ba su taɓa mafarkin tulun sanyi ba.

Domin a gane girman ɓarnar, sai an san yadda aikin yake gudana. Ana yi wa mace allurai na kimanin kwana goma domin ƙwayayenta su nuna da yawa a lokaci guda. Likita ya zuƙo su da siririyar allura, a haɗa su da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje. Ba kowane ƙwai ke karɓar maniyyi ba. A cikin waɗanda suka karɓa, wajen rabi ko fiye sukan daina girma da kansu kafin kwana na biyar. A cikin waɗanda suka kai, wasu suna ɗauke da tangarɗar ƙwayoyin gado wadda ba za ta bar su su zauna a mahaifa ba, kuma yawan irin waɗannan yana ƙaruwa da shekarun mace. Haka halitta take ko a cikin jikin mace, inda ƙwai da yawa kan karɓi maniyyi su wuce da jinin al'ada ba tare da kowa ya sani ba. Bambancin kawai shi ne a ɗakin gwaje-gwaje ana gani da ido, ana kuma rubutawa a takarda.

Wannan ne dalilin da ya sa likita ke haɗa ƙwai da dama, ya dasa guda ɗaya mai ƙwari, ya daskarar da sauran a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan dashen farko bai kama ba, sai a narkar da na biyu, ba sai matar ta sake shan allurai da zuƙo ba. Idan ya kama, sauran su ne ƙannen da za a nema nan gaba. To, idan doka ta ce kowanne daga cikinsu yaro ne, ma'aikacin da ɗan tayi ya ƙi farfaɗowa a hannunsa lokacin narkarwa ya zama abin tuhuma da rai. Haka ma asibitin da tulunsa ya samu matsala. Babu likita mai hankali da zai ci gaba da aiki da takobi rataye a kan wuyansa, shi ya sa asibitocin Alabama suka ja birki.

Masu kare irin waɗannan dokoki sukan ce ana zuzuta magana. Hujjarsu ita ce, tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya ba da 'yancin zubar da ciki, a ranar 24 ga Yuni, 2022, yawancin dokokin da jihohi suka kafa suna magana ne a kan cikin da ke jikin mace, ba su ambaci abin da ke ɗakin gwaje-gwaje ba. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata majinyata su san shi domin hankalinsu ya kwanta. Amma hukuncin Alabama ya nuna ta inda ruwa ke shiga gida. Da zarar an rubuta a tsarin mulki ko a wata doka cewa mutum yana farawa ne daga lokacin da ƙwai ya haɗu da maniyyi, ba tare da an faɗi inda ƙwan yake ba, alƙali ɗaya ya isa ya miƙa ma'anar har cikin tulu.

Sukan kuma ce ai an gyara, tunda a ranar 6 ga Maris, 2024, gwamnar jihar, Kay Ivey, ta sa hannu a dokar da ta kare asibitoci da majinyata daga tuhuma, aiki kuma ya dawo a wasu cibiyoyin. Wannan liƙi ne a kan tulun da ya tsage. Dokar ba ta taɓa batun ko ɗan tayi yaro ne ba, hukuncin kotu yana nan daram. Abin da ta yi shi ne ɗaure hannun ma'auratan da asibiti zai yi sakaci da ajiyarsu nan gaba, wato irin mutanen da aka fara shari'ar domin su. A majalisar dattawan ƙasar kuwa, ƙudurin kare dashen ciki a faɗin Amurka ya kasa wucewa har sau biyu a shekarar 2024, a Yuni da Satumba.

Akwai masu cewa mafita ita ce a haɗa ƙwai kaɗan, a dasa su duka, kada a bar saura. An riga an gwada wannan. A 2004 Italiya ta kafa doka mai lamba 40, wadda ta hana haɗa fiye da uku, ta wajabta dasa su duka a lokaci guda, ta kuma hana daskarar da su sai da lalura. Matar da shekarunta suka ja, ukun nan kan iya lalacewa duka, ta koma farkon layi da sabbin allurai da sabon kuɗi. Matashiya kuwa, ukun kan iya kamawa duka, ta shiga haɗarin 'yan uku: haihuwar bakwaini, hawan jini, jijjiga. Ma'aurata masu hali suka riƙa tsallakawa Sifaniya da wasu ƙasashen, marasa hali suka haƙura. A 2009 Kotun Tsarin Mulkin Italiya ta soke wannan ƙa'idar ta uku saboda lafiyar mata. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Jihar Louisiana ma tana da doka tun 1986 da ta hana lalata ɗan tayin da ke iya rayuwa. Sakamakonta shi ne asibitocin jihar kan tura ajiyar majinyata zuwa wasu jihohin, inda ake iya yanke shawara a kanta. Ba a ceci kowa ba, an dai ƙara wa iyalai kuɗin mota da fargabar hanya, a ƙasar da zagaye ɗaya na wannan aiki yakan haura dala 12,000.

Akwai wasu rukunin mutane biyu da ba a cika tunawa da su ba. Na farko, matashiyar da aka gano tana da ciwon daji, wadda maganin da za a yi mata zai iya kashe ƙwayayenta. Daskarar da 'ya'yan tayi kafin a fara magani ita ce igiyar da take riƙe da ita. Na biyu, ma'auratan da dukansu ke ɗauke da ƙwayar gadon sikila, abin da gidajenmu suka sani sarai. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Gwajin da ake yi wa ɗan tayi kafin dashe yana ba su damar zaɓar wanda bai ɗauko ta ba. Idan doka ta ce sauran ma yara ne, me za a yi da su? A tilasta wa uwar da ta riga ta binne ɗa ɗaya ta dasa, ko ta biya kuɗin ajiya har ƙarshen rayuwarta?

Ba na cewa ɗan tayi tarkace ne. Yana da alfarma, kuma dole a hukunta asibitin da ya wulaƙanta shi. Amma alfarma mataki-mataki ce, kuma masana addini sun san haka. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Jidda a 1990, ta yi umarnin a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da ake buƙata, ta haramta dasa ƙwan wata a jikin wata, sannan ta ce idan an samu saura a bar shi ba tare da kulawar likita ba har rayuwarsa ta ƙare da kanta. Tsanani ne mai hankali, wanda ya girmama ɗan tayi bai kuma kira likita mai kisan kai ba. 'Yan majalisar da ke son taƙaita zubar da ciki ma suna iya yin haka da jimla guda: su rubuta ƙarara cewa dokarsu ta shafi cikin da ke jikin mace kaɗai. Wanda ya ƙi rubuta wannan jimlar bayan abin da ya faru a Alabama, kada ya ce bai san abin da zai biyo baya ba.

Ga iyalan da ke da ajiya a Amurka, ko suke shirin fara wannan aiki a can, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tambayi asibitinku a wace jiha ainihin tulun yake, domin wasu kan ajiye a wani wuri daban, kuma dokar wurin ajiya ce za ta yi aiki. Ku sake karanta takardar yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, ku ga abin da ta ce idan aure ya mutu, ko ɗayanku ya rasu, ko an daina biyan kuɗin ajiya. Ku riƙe kwafin duk bayanan ajiyarku a gida. Ku tambayi likita ƙarara yadda yake kula da ɓari da cikin da ya zauna a wajen mahaifa a ƙarƙashin dokar jiharsa, da asibitin da zai tura ku idan abu ya rikice cikin dare. Kada kuma tsoro ya sa ku gaggauta kwashe ajiyarku zuwa wata jiha, domin jigila tana da nata haɗarin, sai bayan kun zauna da likita da lauya. Haka nan kada ku yarda a dasa muku biyu ko uku a lokaci guda don kawai gudun barin saura. Lafiyar uwa ce kan gaba, kuma da ita za a goyi duk wanda Allah Ya kawo.