Rubutun ɗigo-ɗigo ya dawo, amma ina ƙugiyarmu?

Duk wanda ya riƙe Nokia 3310 ya san haruffan nan masu kusurwa, waɗanda idan ka kusanto da ido za ka iya ƙirga ɗigon da aka jera har suka zama harafi. Fuskar wayar ɗigo 84 ce a kwance, 48 a tsaye, kuma a cikin wannan ɗan fili aka cusa saƙo da agogo da wasan maciji. Yau irin wannan rubutu ya sake zama yayi. Ana ganinsa a wasannin bidiyo kamar Minecraft da Undertale, a jikin riguna, a bangon littattafai da tallace-tallacen da matasanmu ke zanawa a waya. Ba ni da faɗa da yayin kansa. Faɗana da abin da ake kwasowa tare da shi ne.

Mu fara ba wa masu aikin farko haƙƙinsu. A na'urar Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, kowane harafi yana zaune ne a gida mai ɗigo 8 sau 8, wato 64 kacal. Susan Kare ta zana salon Chicago na Macintosh a 1984 tana cike gurabe ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗinkin hula da ke ƙirga ido. Masu wasan Dragon Quest na 1986 sai da suka zubar da yawancin haruffan katakana saboda ma'ajiyar kaset ɗin ba za ta ɗauka ba. Waɗannan mutane matsi ne ya kama su, kuma sun fitar da kyau daga cikinsa.

Mu ma mun sha namu matsin. Lokacin da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, madannan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Tsarin saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka saka harafi ɗaya da ba ya cikin jerin da aka tanada, sai ya koma 70. Ka ga ƙugiya guda na iya sa mutum ya biya kuɗin saƙo biyu ko uku. Haka tsara guda ta saba rubuta "kasa" tana nufin ƙasa, "baki" tana nufin baƙi, "kafa" tana nufin ƙafa. Wancan lokaci akwai uzuri.

To yau fa? Wayar da ke hannunka tana da ɗigo fiye da miliyan, kuma Unicode ya daɗe da ba kowane harafinmu lambarsa. Amma mai zane zai sauko da salon ɗigo-ɗigo daga intanet, ya rubuta taken Hausa, ya ga akwatin banza ya fito a gurbin ƙ, sai kawai ya goge ya sa k. Ko kuma manhajar ta aro ƙ mai santsi daga wani salon ta dasa a tsakiyar kalma, ta tsaya kamar baƙuwa a gidan biki. Ya aro kamannin tsohon allo, ya kuma aro talaucinsa, alhali babu wanda ya tilasta masa.

Za a ce ai mai karatu yana ganewa daga jimla. Babba da ya tashi da harshen yana ganewa. Yaron da ke koyon karatu a waya fa, wanda wasa da talla su ne allonsa na biyu? Da ɗan Bahaushen da ya tashi a Kumasi ko Khartoum yana neman harshen iyayensa a rubuce? Su abin da suka gani shi ne daidai a wurinsu. Kuma ko babban ma sai ya tsaya ya yi canki tsakanin "bata" da "ɓata".

Za a kuma ce gidan ɗigo 64 ba shi da wurin ƙugiya. Wannan magana ba ta tsayuwa. Ƙafar k ta sama ɗigo ɗaya ko biyu take bukata ta lanƙwasa dama, shi ke nan ta zama ƙ. Unifont, wanda Roman Czyborra ya fara a 1998, yana zana haruffan boko a gida mai 8 sau 16, kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna ciki. Haruffa takwas ne gaba ɗaya idan an haɗa manya da ƙanana, shida ma ga wanda ke rubuta 'y irin ta Nijeriya. Aikin yammaci ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan ne salon rubutu mafi sauƙin ƙerawa. Ba ya bukatar ilimin lanƙwasa layi, takarda mai gida-gida da fensir sun isa a fara. Da yawa daga cikin salon da ake rabawa kyauta suna ƙarƙashin lasisin SIL, wanda ya yarda a gyara a sake rabawa. Ƙofa a buɗe take, mu ne muka zauna jiran wani a Amurka ko Jamus ya tuna da mu.

Saboda haka ga shawarata ga masu zane da editoci da masu ƙera wasanni: kafin ku ɗauki kowane salo, ku rubuta "Ɗan ƙauye ya ɓata" ku gani. Idan ya fito cikakke, bismillah. Idan bai fito ba, ko ku ajiye shi, ko ku buɗe shi ku zana ƙugiyar da hannunku, ku raba wa na baya. Mu kuma masu karatu, idan muka ga bango mai kyau da take gurgu, mu gaya wa mai shi.