Kada Mu Yi Gaggawar Jefar Da Tsohuwar Na'urar Faifai

A gidaje da yawa akwai na'urar faifan CD da aka tura ƙarƙashin gado, wai don ana sa mata faifai sai ta rubuta "NO DISC". Ni a ganina yawancinsu ba su mutu ba, rashin kulawa ne kawai. Ga kuma faifan karatun Alƙur'ani da waƙoƙin marigayi Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos jibge a kwali, babu abin da za a saurare su da shi.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka fito da wannan faifai a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne, kuma ba allura ke karanta shi ba kamar garmaho. Wani ɗan ido ne ke harba hasken lesa, hasken ya bugi faifan ya dawo. Yana farawa daga tsakiya, inda faifan ke juyawa kamar sau 500 a minti, ya nufi baki, inda gudun ke raguwa zuwa kamar 200. To, abin da ke aiki da haske, mene ne babban abokin gabansa? Ƙura mana! Mu kuwa da hunturu ke ziyarta kowace shekara ba mu rasa ta.

Saboda haka a fara da faifan kansa. A goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. A gwada wanda kamfani ya buga, domin tsofaffin na'urori sukan ƙi wanda aka ɗura a kwamfuta, hasken da yake mayarwa bai kai na wancan ba. In duk ta ƙi, sai a zare fulogi daga bango, a kwance murfi da sukundireba. A ɗan jiƙa auduga da sifirit, a shafi idon a hankali, kada a danna, don a kan siraran wayoyi yake lilo. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan.

Wani lokaci kuma bel ɗin roba ne ya saki, faifan bai ɗaga ya zauna daidai ba. Ko kuwa giris ɗin sandar da idon ke tafiya a kanta ya bushe ya daskare. Duka biyun kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Na san wani zai ce, ina amfanin wahala ga waya a hannu? Gaskiya ne, amma ba duk abin da ke cikin faifan nan ke intanet ba. Wa'azin malamin unguwa da bikin yayarka, wa ya ɗora su?

Sai dai a kiyaye. Kada a leƙa idon in na'urar tana kunne, domin hasken kusan ba a ganinsa, kuma yana iya yi wa idon mutum lahani. Akwai kuma wani ɗan abin murɗawa a jikin idon da ke ƙara ƙarfin lesa. Masu karambani sukan murɗa shi, na'urar ta yi 'yan kwanaki tana aiki, sannan lesar ta ƙone gaba ɗaya. In an goge ido, an canja bel, faifan ya ɗan juya ya tsaya, to wataƙila lesar ce ta tsufa. Sai a kai wa mai gyaran rediyo, ya duba lambar da ke jikin idon, irin su KSS-213 na Sony, ya nemo irinsa ya sa.